Gulbi da Hanya: Ƙasar Sabon Birni, Isa da Bafarawa

 

   

An ɗora mini nauyin in yi magana a kan wannan yanki namu: yadda Allah ya shimfiɗa shi, abin da ya gudana a cikinsa, da abin da mutanensa ke ci da shi. Na karɓa da hannu biyu, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai.

Idan malami ya rataye taswirar Nijeriya a aji, sai yaronmu ya yi ɗage, ya kai yatsa can sama inda takarda ta kusa ƙarewa, kafin ya ga Isa da Sabon Birni. Bafarawa kuwa sau da yawa ba a ma sa ta. Da wannan yaro ke tashi, yana ganin shi ɗan ƙuryar ƙasa ne. Ma'aikacin da aka turo mana yana ɗauka horo aka yi masa. Mu kanmu mun fara yarda da haka. Alhali kakanninmu da suka zaɓi wannan wuri a tsakiyar duniyarsu suka zauna: Azbin da gishirinta a arewa, Katsina da fatakenta a gabas, Zamfara a kudu, Kabi a yamma. Abu biyu suka gani a nan, gulbi da hanya. Duk abin da zan faɗa yau a kan waɗannan biyun yake.

Bari mu fara da gulbi. Gagare yana tasowa daga kudu, ya wuce ta Ƙauran Namoda. Bunsuru yana zuwa daga ƙasar Katsina. A nan yankin Isa suke haɗuwa, su nufi arewa da sunan Gulbin Rima. Wajen Sabon Birni sai na uku ya iske su, wato Gulbin Maraɗi, wanda tafiyarsa abin lura ce. A ƙasar Katsina yake farawa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya shayar da Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya dawo Nijeriya ta wurinmu. Daga nan Rima ke karyawa yamma, ya gangara Goronyo da Wurno da Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kwara. Ruwan da mai albasa a Gidan Runji ya gani da safe, shi ne zai iso mana. Wanda ya wuce ta gabanmu kuma shi ke cika madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 942.

Wannan haɗuwa ta gulabe ita ta ba mu ƙasa iri biyu. Akwai tudu da jigawa, rairayi mai sauƙin huɗa, wurin gero da maiwa da wake, wanda ke jiran ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba. Akwai kuma fadama, baƙar laka mai riƙe danshi, inda gulbi ke malala da damina ya bar taki idan ya janye. Manomin da ke da tudu kaɗai wata huɗu yake aiki ya zauna. Namu yana gama girbin gero ya gangara fadama, ya sake sabuwar shekara. Ga kamun kifi a tafkuna, ga ciyawar rani ga dabbobi. A ƙasar da ruwan sama ke yin gardama shekara bayan shekara, wanda ya mallaki irin wannan wuri ya mallaki abinci, ya mallaki dawaki, mutane kuma za su taru a kansa.

Abin da Gobirawa suka gani ke nan. Sun sauko daga Azbin, suka yi zamani a Birnin Lalle, sannan suka riƙa gangarowa kudu cikin ƙasar Zamfara, da farko a matsayin baƙi masu neman wurin noma. Ruwaya ta ce gonakin alƙalin Zamfara aka ba su, daga nan sunan Alƙalawa ya samo asali. A wajajen shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir, a bakin wannan gulbi, ba nisa da inda Sabon Birni take yau. Zamanin Bawa Jan Gwarzo babu wani birni a yammacin ƙasar Hausa da ake jin tsoronsa kamar Alƙalawa. Malamai na shiga, fatake na sauka, Inna, mai sarautar mata ta Gobir, na da fadarta da mutanenta.

Akwai wani zama da nake so ɗalibai su riƙe. A wajajen 1788, a filin idin babbar Salla a Magami, Bawa ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiya ba, ya nemi abubuwa biyar a madadinta. A cikinsu akwai a bar shi ya yi wa'azi, a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Ku dubi biyun ƙarshen nan da kyau: a saki na ɗaure, a rage wa talaka kuɗin da ake tatsa. Shekara fiye da 230 ke nan, kuma idan aka tambayi mutumin Gatawa ko Tozai ko Gebe abin da yake roƙo yau, da wuya ya wuce waɗannan biyun.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Bayan Bawa aka yi Yakubu da Nafata da Yunfa, dangantaka da jama'ar Shehu ta lalace, aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto. A 1808 rundunar Muhammadu Bello ɗan Shehu ta ci Alƙalawa, Yunfa ya rasu a cikin yaƙin. Littattafan makaranta a nan suke rufe babin Gobir. Amma ga mutanen wannan gulbi, a nan ne wahala ta soma. Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suka ja arewa suna kawo hari. Sakkwato ta kafa ribaɗoɗi don tare su, irin su Wurno da Lajinge, Isa ma a kan wannan aiki ta tashi, a hannun zuriyar Muhammadu Bello. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya faɗi, waɗanda suka rage suka bi sabon sarkinsu Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Fiye da shekara hamsin wannan fadama mai albarka ta zama filin daga. Wanda ya shuka bai san ko shi zai girbe ba.

Muna da shaidar yadda hanya ta kasance a wancan lokaci daga bakin baƙi biyu. Baturen Ingila Clapperton ya ratsa dajin Gundumi a 1824 zai je wurin Muhammadu Bello, kuma sai da aka haɗa shi da 'yan rakiya saboda mahara. Bajamushe Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi wannan dajin a 1853, ayarinsu ya yi tafiyar dare da rana ba zango, ga ƙishirwa ga fargaba. Gundumin nan dai da kuka sani, wanda direbobinmu suka yi shekaru suna kauce wa hanyarsa. Lokacin da na fara karanta wannan labari sai da na ajiye littafin na yi shiru.

To yaya aka fita? A wajajen 1860 Ɗan Halima, ɗan gidan sarautar Gobir, ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya daidaita da Sakkwato, aka yarje masa ya gina gari kusa da kufan kakanninsa. Shi ne Sabon Birni. Sunan ma ya ishe ka bayani: an rasa tsohon birni, an gina sabo. Hare-hare ba su ƙare rana ɗaya ba, amma an sami garuruwa masu ganuwa a bakin gulbi, mutane suka dawo gindinsu suna noma. Shi ya sa har yau muke da sarautar Sarkin Gobir a Isa, muke da ita a Sabon Birni, akwai ta kuma a Tsibiri. Jikokin waɗanda suka ɗaga wa juna takobi suka zama maƙwabta da surukai. Mai zane a kunci da wanda ba shi da shi sahu ɗaya suke tsayawa. A cikin wannan kwanciyar hankali ne fadar Isa ta haifar da makaɗi irin Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir Amadu, wanda har yau jami'o'i ke nazarin Hausarsa.

Sai Turawa. Ingila ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Faransa na zaune a arewa. Tsakanin 1906 da 1908 wakilan ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. Ranar ce muka koma "bakin iyaka". Gida ɗaya aka raba, wa yana biyan haraji da sule, ƙane yana biya da tamma. Duk da haka zumunci bai yanke ba, ciniki ma bai tsaya ba. Amarya na tafiya Gidan Runji, raƙumi na zuwa da kanwa ya koma da gero. Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da audugar wannan yanki suka sami hanyar kudu, a bayan jakuna da raƙuma kafin zuwan manyan motoci. Fadamun nan sun yi noman taba. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta zama mahaɗar Buzu da Bayarabe da Ibo da Bafillace, kuma ko da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996 Shinkafi ta bi can, mutumin Bafarawa da na Kamarawa ba su daina ɗaukarta kasuwar gida ba.

A ƙidayar 2006 an sami mutum 207,599 a ƙaramar hukumar Sabon Birni, 146,103 a ta Isa. Yau sun fi haka nesa ba kusa ba. Mafi yawansu da fadama suke rayuwa, don haka bari in tsaya a kan albasa, domin a cikinta ake ganin komai.

Ruwa na janyewa, sanyi na shigowa, manomi zai zuba iri ya yi renonsa. Ya ja fangali, ya yi dashe, shi da 'ya'yansa a duƙe tun asuba, yatsu na ƙagewa don sanyi. Ina yaro da jigo ake ban ruwa: doguwar sanda, laka a gindinta, guga a bakinta, mutum na ja yana juyewa har hantsi. Yau inji ne da tiyo da 'yar rijiyar da ake hudawa a cikin fadama. Inji ya faɗaɗa gona, amma ya ɗaure manomi da farashin fetur, kuma tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya san abin da galan ɗaya ya koma. Wata uku zuwa huɗu ana shayarwa, ana cire ciyawa, ana zuba taki. Sai albasa ta nuna wa kowa a lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Mai hali ya kafa rudu, ya shimfiɗa kara, ya jera albasarsa ya rufe da ciyawa, yana jiran damina ta yi tsada. Duk 'yan kwanaki sai ya buɗe ya tsince ruɓaɓɓu, yana kallon guminsa na raguwa. Marar hali kuwa, wanda ya ci bashin taki da mai, a bakin gona yake sayarwa. Buhun da ya bari da araha shi ne zai isa Legas ko Onica da ninkin kuɗinsa. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo ana loda masa buhunansa a mota. Da aka ƙirga masa kuɗi ya ware na mai inji, ya ware na mai taki, ya ware na 'yan ƙwadago, abin da ya rage ya naɗe a gefen rawaninsa bai ce uffan ba.

Wannan ita ce matsalarmu ta lokacin lafiya: muna nomawa, wani na cin riba, saboda ba mu da wurin ajiya, ba mu da hanya mai kyau, ba mu da jari. Haka tafarnuwa, haka tattasai, haka alkama da shinkafa. Shi ya sa samarinmu ke tafiya cin rani kudu.

Yanzu kuwa maganar ta wuce riba. Ba zan ambaci sunayen 'yan bindiga a wannan majalisi ba, kun san su, wasunku sun ji muryarsu a waya. A ƙarshen Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A 2021 aka rufe kasuwanni, aka katse layukan waya, domin a matse maharan, talaka ma ya matsu tare da su. A Disambar wannan shekarar aka tare mota a Gidan Bawa aka cinna mata wuta da matafiya a ciki, fiye da mutum 20 suka rasu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, ya rasu a hannunsu a watan Agusta. Allah ya jiƙan su baki ɗaya. Dubban mutanenmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi, a hannun 'yan'uwan da iyaka ta raba mu da su. A kan wannan kuma aka rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Ku lura da inda ake dukanmu. Ana hana manomi gangarawa fadama sai ya biya, ana tare hanya ranar kasuwa. Gulbi da hanya, su ne dai aka shaƙe. Garin da aka raba da waɗannan biyun ko ba a ƙone shi ba zai watse da kansa.

Akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa junanmu, ko da tana da ɗaci. Makiyayi ɗan wannan ƙasa ne kamar manomi. Shekaru da yawa gonaki na cin burtali da mashaya, ana yanke wa Bafillace tarar da ta fi ɓarnar da ya yi, da rikici ya tashi kuma aka kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba saboda kamanninsu kawai. Wannan ba ya wanke wanda ya ƙone mata da yara a mota, hukuncinsa na nan a duniya da lahira. Amma Fulanin da aka kwashe wa shanu suna cikin waɗanda aka fara zalunta, kuma kasuwar da babu nono babu dabba rabin kasuwa ce.

Zan kawo misali ɗaya daga nesa. A arewa maso gabashin Japan akwai wani ƙaramin garin masunta a bakin teku mai suna Onagawa, mutanensa kusan dubu goma. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta tayar da igiyar ruwa ta share mafi yawan garin, mutum fiye da 800 suka halaka ko suka ɓace. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da suka sa a gaba wajen tashi. Kasuwar kifi suka fara farfaɗowa. A 2012 aka gina musu babban ɗakin sanyi na ajiyar kifi da taimakon ƙasar Ƙatar. A 2015 jirgin ƙasa ya dawo tasharsu. Sun gane cewa masunci ba zai zauna a gari ba idan babu inda zai ajiye kifinsa, babu hanyar da zai fitar da shi. Su can damuwarsu ƙarancin matasa, garuruwansu tsofaffi suka rage. Mu Allah ya ba mu matasa har sun yi yawa a tasha, abin da suka rasa shi ne gonar da za su shiga ba fargaba.

Saboda haka roƙona ga hukuma, ta jiha da ta tarayya, a fili yake. Buhun shinkafar agaji yana da amfani, muna godiya, amma ba ya mayar da mutum garinsu. A tsare hanyar Marnona zuwa Isa ta Gundumi tsaro na dindindin, a tsare ta Isa zuwa Sabon Birni da ta Isa zuwa Shinkafi. A girke jami'an tsaro a bakin fadamu daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da abincin shekara ke ƙasa. A yi aiki da hukumomin Maraɗi, ko me ke tsakanin Abuja da Yamai, domin maharin da aka kora a nan can yake tsallakawa. Wannan yanki ya ba Jihar Sakkwato gwamna, Alhaji Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, daga 1999 zuwa 2007, ya ba ta 'yan majalisa da manyan ma'aikata da attajirai. 'Ya'yanmu da Allah ya ɗaukaka su haɗa kai su gina ma'ajiyar albasa ko da guda ɗaya ce a kowace ƙaramar hukuma, manomi ya ajiye a ba shi takarda ya karɓi rance a kanta.

Iyayenmu sarakuna, ranku ya daɗe, kufan Alƙalawa amana ce a hannunku. Gonaki na cin ganuwa, ruwa na zaizaye abin da ya rage. A kewaye wurin, a sa masa mai gadi, a riƙa kai yaran makaranta idan hanya ta yi kyau.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, akwai aikin da ba ya jiran gwamnati. A sansanonin gudun hijira da gidajen 'yan'uwa a Isa da Sabon Birni da Sakkwato akwai tsofaffin da suka baro ƙauyukansu, kuma su kaɗai suka san wa ya sari garin, ina iyakar gonar wane, ta ina burtali ya bi, wane tafki ake su a wane wata. Ranar da za a koma, da wannan sanin za a raba gardama. Kowannenku na da waya a aljihu. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini ku naɗi maganarsu, ku rubuta sunan garin da ranar da kuka ɗauka, ku kawo wa malamanku a adana. Ku fara a wannan makon.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa.